Darasi na 14: Naman Shanun da Suka Tashi a Ciyawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban teburin mahauci da hantsi, sa'ad da aka kawo nama daga kwata ana rarrataye shi, ya ga yadda masu saye sukan miƙa hannu wajen cinyar da kitsenta ya yi fari fat, ya yi kauri, su kawar da kai daga wadda kitsenta bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma ya yi rawaya-rawaya, suna cewa ai wannan ta guzuma ce ko ta marar lafiya. Mahaucin kuwa, da yake ciniki ya fito yi ba wa'azi ba, sai ya ƙyale kowa da zaɓinsa. A kan wannan ɗan zaɓi za mu gina darasinmu na yau, domin a ƙarƙashinsa akwai mas'ala ta lafiyar jiki wadda masana suka daɗe suna bincike a kanta, har ta kai ga mawadatan Turai da Amurka suna biyan kuɗi fiye da na sauran nama domin su sami irin wannan da mu muke turewa gefe, ana ma rubuta masa shaida a jikin takardar da aka naɗe shi, cewa naman saniya ne wadda ciyawa kaɗai ta ci.

Hanyoyin kiwo

Hanya ta farko ita ce wadda muka buɗe ido muka tarar, wadda Fulani da Larabawan Shuwa da Buzaye suka gada kaka da kakanni: saniya ta bi makiyayi da ƙafarta, ta nemi abincinta da bakinta. Da damina takan ci gamba da kyasuwa da harkiya da kiri-kiri; da kaka, in an kawar da amfanin gona, a shigar da ita ta ci kara da karmami, ta bar wa manomi taki; da rani kuwa sai a gangara da ita fadamu da bakin gulabe, makiyayi ya kakkaɓo mata 'ya'yan gawo, ya sassaro mata ganye, ya ba ta kanwa ko gishiri ta lasa. Haka Bunaji farare suke rayuwa, da Rahaji jajaye masu dogayen ƙahoni, da Bokoloji na ƙasar Sakkwato, da Azawak na Nijar, da Kuri na Tafkin Chadi. Galibin naman da ake ci kuwa, daga Damagaram har Legas, na irin waɗannan shanu ne, waɗanda ake hada-hadarsu a manyan kasuwannin kara irin su Potiskum da Maigatari da Illela da Mubi. Ba mu kaɗai muke wannan kiwo ba, don kuwa a Birazil da Yurugwai da Niyu Zilan ma mafi yawan shanu a fili suke girma, sai dai su filayensu shingaggu ne, ciyawar ma sau da yawa shuka ta ake yi.

Hanya ta biyu a Amurka ta bunƙasa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da takin zamani da injunan noma suka sa masara ta yi yawa har ta rasa mai ci, aka ga babu abin da ya fi riba irin a mayar da ita nama. Maraƙi yakan yi watanninsa na farko yana kiwo a gindin uwarsa, kana a kwashe shi a mota a kai shi wani makeken shinge wanda babu ko tsinken ciyawa a cikinsa, a jihohi irin su Tekzas da Kansas da Nebraska, inda dubban shanu suke tsaye kafaɗa da kafaɗa ana zuba musu niƙaƙƙiyar masara da tunkuzar waken soya a kwami. Nan zai zauna wata 4 zuwa 6, yana ƙara fiye da kilo 1 kowace rana, a yanka shi tun bai cika shekara 2 ba. Naman da ke fitowa daga nan laushi gare shi ƙwarai, kitse ya ratsa cikin tsokarsa kamar zane, launin kitsen kuma fari.

Kada mai karatu ya yi gaggawar cewa ai wannan shi ne kiwon turka da muka sani. Akwai kama, amma akwai rata mai faɗi, domin san da maigida ko uwargida suka ɗaure a turke wata 3 ko 4 kafin Babbar Salla ya riga ya yi shekarunsa yana bin ciyawa, abin da ake zuba masa kuma, ban da dusa da angurya da tunkuza, mafi yawansa harawa ce da ƙowa da karmami, waɗanda duk dangin ganye ne. Turka tamu matsakaiciya ce tsakanin hanyoyin nan biyu, sana'a ce kuma mai albarka wadda ta rufa wa gidaje da yawa asiri, ba kuwa kushe ta muka zo yi ba.

Hikimar da ke cikin tumbi

Ba za a fahimci fa'idar ciyawa ba sai an san abin da ke gudana a cikin saniya. Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ambaci dabbobin ni'ima a wurare masu yawa cikin Littafinsa, har surori biyu daga cikin dogaye, Baƙara da An'am, suka ɗauki sunayensu, Ya halicci cikin saniya ɗaki huɗu, mafi girmansu shi ne tumbi, wanda a babban sa yakan ɗauki abin da ya haura lita 100. A cikin tumbin nan akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu yawan da lissafi ba ya iya ƙididdige su, aikinsu shi ne su ruɓar da ciyawa, su warware ƙullin da ke cikinta wanda cikin ɗan Adam ba shi da ikon warwarewa. Saboda haka, bisa ga haƙiƙa, saniya ba kanta take ciyarwa da ciyawa ba, waɗannan halittu take ciyarwa, su kuma su ciyar da ita. In ta ƙoshi sai ta nemi inuwa ta kwanta tana tuƙa, watau tana dawo da abin da ta haɗiye tana sake taunawa, har sa'a 6 zuwa 8 a yini da dare, tana kwararo da yawu mai yawa wanda aikinsa a tumbi shi ne aikin kanwa a tukunya, ya kashe tsami.

To, hatsi ba ya bukatar doguwar tuƙa, ga shi da saurin tsami. Kowane makiyayi ya san abin da ke samun saniyar da ta faɗa wa tsibin dawa a masussuka ta ci ta yi nak: cikinta ya kumbura, ta yi zawo, in ba a yi sa'a ba sai wuƙa. Abin da ke aukuwa gare ta a dare ɗaya, shi ne yake aukuwa sannu-sannu ga shanun da aka ɗora a kan masara wata da watanni, tsami ya ci bangon tumbi, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa su haura zuwa hanta su yi mata marurai, dalili ke nan da ya sa masu irin wannan kiwo sukan zuba magani cikin abincin dabbar alhali ba ta kwanta ciwo ba. Tarayyar Turai ta hana shigar da naman shanun da aka yi wa allurar ƙara girma tun 1989, a 2006 kuma ta hana ba dabbobi magungunan kashe ƙwayoyin cuta don neman ƙiba kawai, saboda tsoron kada ƙwayoyin cutar su saba da maganin, ranar da mutum ya kwanta a ba shi ya ƙi ci.

Abin da ke cikin kowane naman sa

Adalci shi ne, kafin mu ambaci fifikon ciyawa, mu fara da abin da naman shanu duka suka yi tarayya a kansa, don shi ne mafi girman alherin, ba kuwa ruwansa da abin da dabbar ta ci. A cikin giram 100 na dafaffiyar tsoka, watau yanka kamar tafin hannu, akwai kimanin giram 25 na furotin, abin da jiki yake gina tsoka da shi, yake warkar da rauni, yake kuma girmar da yaro. Furotin ɗin nama kuwa cikakke ne, ba ya bukatar a haɗa shi da wani kafin ya yi aiki, saɓanin na hatsi da yake neman wake ya cika shi. Akwai zinki mai taimakon jiki wajen yaƙar cuta. Akwai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa zama lafiya sai da shi, ba a kuwa samunsa a gero ko dawa ko ganye; waɗannan halittu na tumbi su ne suke ƙera shi, yanka guda ɗin nan kuma yana kusa da biya wa baligi bukatarsa ta yini.

Amma abin da ya fi shafar gidajenmu shi ne sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake yin jan jini. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa, da kashi 68 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5, suna fama da ƙarancin jini. Ko da yake zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila suna da nasu kason a cikin wannan musiba, rashin ƙarfe a abinci yana daga cikin manyan sabubbanta. Ƙarfen da ke cikin nama hanji yana shanye shi da sauƙi, ninkin-ba-ninkin na wanda ke cikin ganye da hatsi. Wani abin al'ajabi kuma, ɗan naman da aka jefa cikin miyar kuka ko miyar taushe yakan sa jiki ya ƙara amfana da ƙarfen da ke cikin ganyen da tuwon kansu. Saboda haka 'yar tsokar nan da uwargida take yayyankawa ƙanana-ƙanana don ta isa kowa, aikinta a jiki ya fi girmanta a ido.

Inda ciyawa ta yi fifiko

A cikin kitse bambancin yake. Na farko dai, saniyar da ta yi tafiya ta nemi abincinta ba ta tara kitse kamar wadda aka tsare, saboda haka mai cin namanta yakan sami furotin da ƙarfen nan duka ba tare da ya ɗora wa zuciyarsa da hanyoyin jininsa nauyin maiƙo mai daskarewa mai yawa ba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mazauna birni, waɗanda suka bar fartanya suka koma kujera, hawan jini da ciwon sukari suka yi musu sallama.

Na biyu, ɗan kitsen da take da shi ba irin na waccan ba ne. Akwai maiƙo iri biyu waɗanda jikin mutum ba ya iya yin su da kansa, dole sai ya ci, masana suna kiransu omega-3 da omega-6. Dukansu ana bukata, amma na farkon, mai amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwa da ido, shi ne ya fi ƙaranci a abincin mutane, na biyun kuwa ya cika man gyaɗa da man masara da hatsi. Ɗanyen ganye gidan omega-3 ne, ƙwayar hatsi kuma gidan omega-6. Halittun tumbi sukan sauya mafi yawan abin da saniya ta ci daga cikinsu, amma wani abu yakan kuɓuta ya shiga jini ya zauna a nama. A shekarar 2010 waɗansu malaman jami'a a garin Chico na Jihar Kalifoniya suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan mas'ala shekaru da dama, suka auna su a mizani guda, suka iske cewa a naman ciyawa ana samun kimanin kashi 1 da rabi na omega-6 a kan kowane kashi 1 na omega-3, alhali a naman hatsi abin ya haura kashi 7 a kan 1. Suka iske har ila yau cewa wani nau'in maiƙo da ake taƙaita sunansa da haruffa uku, CLA, ya ninka 2 zuwa 3 a naman ciyawa, bitamin E kuma, wanda yake kare nama daga saurin lalacewa, yake kuma da amfani ga mai ci, ya kai wajen ninki 3.

Yanzu mu koma ga rawayar nan da ake gudu a teburin mahauci. A cikin kowane ɗanyen ganye akwai wani launi da ake kira karotin, shi ne wanda kuke gani a fili a jikin karas da manja da mangwaro, amma a ganye sai kore ya rufe shi. Saniya in ta ci, sai ta ajiye shi a kitsenta da nononta, jikin mutum kuma yakan mayar da shi bitamin A, mai kare ido daga dundumi. Kowace mace da ta taɓa sayen man shanu ta san na damina ya fi na rani rawaya da ƙamshi, ta kuwa fi son na daminar. To, launin da take yabo a ƙwarya shi ne dai wanda mijinta yake kushewa a teburin mahauci. Sai dai a nan akwai tanbihi guda: dabbar da ciwon hanta ya sa wa shawara ita ma takan yi rawaya, amma tata rawayar ba ta tsaya ga kitse ba, takan kama jijiyoyi da tantanin ciki da farin ido, irin wannan nama kuwa ba na ci ba ne.

Bayan an faɗi wannan duka, wajibi ne a ajiye kowane abu a matsayinsa, don 'yan kasuwar Turai da Amurka sun kambama al'amarin har sun mayar da naman ciyawa kamar wani magani, ana yi wa rogo kallon kitse. Ninki biyu na abu kaɗan, kaɗan ne har yanzu: omega-3 da ke cikin kifin teku mai maiƙo, irin titus da sadin na gwangwani, ya ninka na naman ciyawa sau 10 ko fiye, wanda yake nemansa don zuciyarsa sai ya nufi mai kifi. Yabon da ake yi wa CLA kuma, mafi yawan hujjarsa daga gwajin da aka yi a kan ɓeraye ta fito. Naman ciyawa ya fi, fifikon kuwa tabbatacce ne a ma'auni, amma jan nama ne dai, hukuncin jan nama kuma yana kansa. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta bayyana cewa naman da aka sarrafa da gishiri da hayaƙi da magungunan adanawa yana jawo ciwon dajin hanji, jan nama kuma ana kyautata zaton yawaita shi yana yi. Masana wannan fanni suna ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako. Talaka zai yi murmushi da jin wannan iyaka, don bai taɓa kusantar ta ba. Amma Alhajin da ba ya kwana sai an kawo masa ƙunshin tsire da tozo, shi ake nufi, israfi kuwa ko da halal ne sunansa israfi.

Ba kowane wata ba ne

Ga wani abu da littattafan waje ba su cika kula da shi ba, alhali a ƙasarmu shi ne kan gaba. Duk fifikon da muka lissafa daga ɗanyar ciyawa yake fitowa, mu kuwa ɗanyar ciyawa baƙuwa ce a wurinmu, wata 4 ko 5 take yi a arewa ta yi ban kwana. Da zarar iskar hunturu ta busa ta bushe, sai karotin ɗinta ya gudu, furotin ɗinta kuma, wanda da farkon damina yakan wuce kashi 10 cikin 100, ya faɗo ƙasa da kashi 5, abin da bai isa ya riƙe ko halittun tumbi ba. Daga nan saniya sai ta shiga cin jikinta, ta ƙone kitsen da ta tara, ta taɓa tsoka, har zuwa bazara a ga haƙarƙarinta ana iya ƙirgawa daga nesa. Irin wannan dabba, ko da ba ta taɓa ganin ƙwayar masara ba, namanta ya zama igiya, ga ruwa-ruwa, ga rashin ɗanɗano. Saboda haka naman kiwo yana kan ganiyarsa ne daga tsakiyar damina zuwa ƙarshen kaka, sa'ad da shanu suka murje, gashinsu yana sheƙi. Da bazara kuwa, san turka wanda ya sha harawa mai kore-kore, wadda aka shanya a inuwa aka adana a kan rufi, ya fi saniyar kiwo da yunwa ta rarake, ko ta fuskar daɗi ko ta fuskar gina jiki. Manomin da ya yanke gamba da kyasuwa tun suna ɗanye, kafin su yi kara, ya tara harawar wake da ta gyaɗa, ya tsawaita wa dabbarsa damina ke nan. Cibiyar binciken kiwo da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana koyar da wannan, da shuka ciyawa ta musamman a killace don shanu su ci da rani.

Sharaɗin tsarki da lafiya

Malaman fiƙihu sun yi bahasi a kan dabbar da ake kira jallala, watau wadda ta mayar da najasa abincinta, har waɗansunsu suka karhanta cin namanta da shan nononta sai an tsare ta kwanaki ana ba ta abinci mai tsarki. Wannan ya nuna tun da daɗewa an gane cewa abin da dabba ta ci yana bin namanta zuwa akushi. Ingila ta ɗanɗani wannan a zahiri, sa'ad da masu kiwonta, don neman araha, suka riƙa niƙa ƙashi da ragowar naman dabbobi suna zuba wa shanu, suka mayar da mai cin ciyawa mai cin 'yar'uwarta. A 1986 ciwon haukan shanu ya bayyana, a 1996 hukuma ta yarda yana kama mutane, aka hallaka miliyoyin shanu kafin a shawo kansa. Mu ma muna da tamu jallalar, wadda take yawo a juji a bayan gari tana haɗiyar leda da tsumma, har mahauta sukan fito da dunƙulen leda daga tumbinta. Wannan ba a sa ta cikin shanun ciyawa, ko da ba a taɓa ɗaure ta a turke ba.

Kiwon fili kansa yana da nasa aibi, wanda bai kamata a ɓoye ba. Saniyar da ke kiwo inda mutane suke bayan gida takan haɗiyi ƙwan tsila, ya zauna a tsokarta kamar ƙwayar shinkafa, musamman a zuciya da harshe da kumatu, wanda ya ci shi bai dahu ba sai tsila ta girma a hanjinsa. Wadda ta daɗe a fadama takan ɗauko tsutsar hanta. Akwai tarin fuka da bakkale, waɗanda dukansu suna ƙetarowa zuwa ga mutum, akwai kuma ciwon saifa mai kisa farat ɗaya, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a Suleja a 2023. Dabbar da ta faɗi ba zato, jini baƙi yana fita ta hancinta da bayanta, ko feɗe ta ba a yi, sai a kira malamin dabbobi. Daɗa ga al'adar nan ta a ɗirka wa saniya allura yau, gobe in an ga ba ta tashi ba a yi maza a yanka kada ta zama mushe, alhali a jikin kwalbar maganin an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci namanta. Maganin waɗannan duka guda ne: a sayi nama daga kwatar da malamin dabbobi yake duba dabba kafin yanka da bayansa, a guji arhar da ba a san asalinta ba, a kuma dafa shi har jan cikinsa ya ɓace.

A tukunya da wajen rabo

Naman kiwo ya fi na turka tauri, saboda dabbar ta fi shekaru, ta kuwa yi tafiya. Wuta mai ƙarfi ƙara ɗaure shi take yi, abin da yake so shi ne wuta kaɗan-kaɗan da ruwa da haƙuri, a rufe tukunya har jijiyarsa ta narke ta koma romo. In ana sauri, a naɗe shi cikin daddaƙaƙƙen ganyen gwanda na ɗan lokaci kafin a ɗora, ya fi a jefa masa kanwa, don kanwa tana kashe wani sashe na bitamin ɗin da ke ciki. Romon kuwa kada a zubar, abin da ya fita daga naman nan ya koma. Wajen gashi, a bar harshen wuta ya faɗi a gasa a kan garwashi, a kankare inda ya ƙone ya yi baƙi, a kuma nisanci gandar da aka babbake da tayar mota. Hanta ta fi tsoka ƙarfe da bitamin nesa ba kusa ba, ga ta da amfani ga yara da masu ƙarancin jini, sai dai mai ciki kada ta yawaita ta, don bitamin A ɗin da ke cikinta in ya yi yawa yana iya cutar da ɗan tayi. Shayi kuma a jinkirta shi bayan cin abinci, don yana tare ƙarfen da ke cikin tuwo da ganye. Lemo da tumatir da kwalba da nono ta 'ya'yan kuka su ne masu buɗe masa hanya.

Saura magana guda, wadda ta fi shafar maza, sai a yi mini afuwa. A gidaje da yawa tsoka kwanon maigida take tafiya, yara a ba su ƙashi su gwagwiya, wai kada su tashi da kwaɗayi, uwarsu kuwa ta lashe abin da ya rage a ludayi. Alhali in da bukatar jiki za a bi wajen rabo, da mai ciki ce ta farko, sai mai shayarwa, sai yaron da ya cika wata 6 aka fara ba shi abinci, wanda za a daka masa nama lilis kamar dambu a zuba masa a fate ko kunu, sai budurwa, maigida ya zo a ƙarshe. Iyayenmu sun yi gaskiya da suka tanadi gasasshen nama da farfesu don mai jego. Abin da ya rage shi ne a fara wannan ɗawainiya tun cikin yana wata 3, tun jinin da za ta zubar ranar haihuwa bai zama bashi a kanta ba.

Aikin aji

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowane ɗalibi ya je wurin mahaucin unguwarsu, ko wurin Sarkin Fawa in da hali, ya tambaye shi a wane wata ne shanun kiwo suka fi nama, da kuma alamun da yake bambanta naman kiwo da na turka da su in an riga an feɗe, ya rubuta amsar cikin layi biyar da hannunsa. Mata kuwa su rubuta sau nawa aka ci nama ko kifi a gidansu cikin kwana 7, da wanda aka ba kaso mafi girma. Masu dabbobi a cikinku su zo da kwalbar maganin da suka saba yi wa shanunsu allura da shi, mu karanta abin da aka rubuta a jikinta tare.